Jaririya 'yar wata huɗu a tasin Accra: goyo ya isa, ko sai da kujera?

Tambayar ta zo daga wata baiwar Allah a Kano. Za ta zo Accra bikin ƙanwar mijinta a Nima, ta yi mako uku, da jaririya 'yar wata huɗu da yaro ɗan shekara uku. Ba su da mota a nan, tasi za ta riƙa shiga, wataƙila kuma su leƙa dangi a Kumasi. Tana da kujerar mota ta jarirai da aka ba ta lokacin suna, amma surukarta ta ce mata a waya kada ta wahalar da kanta, goyo ya isa, su ma da shi suka raini nasu. Tana so ta sani: ta ɗauko kujerar ko ta bari, kuma direbobin Accra za su yarda a ɗaura ta a motarsu?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya kawo ku lafiya.

Ki ɗauko kujerar. Ko da sai kin rage kayan biki don ta samu wuri, ki rage. A Nima aka haife ni, shekarata goma sha huɗu ina aikin jinya, takwas daga ciki a ɗakin gaggawa na yara, kuma abin da idona ya gani a ɗakin nan ne ya sa ban yi miki kwana-kwana ba. Wahalar da ke gabanki ita ce yadda za ki ɗaura ta a irin motocin garin nan, kuma gara ki san wannan tun kina Kano.

Bari in fara da hannu da goyo, tunda a kansu surukarki Hajiya ta dogara. Iyakar gudu a cikin gari a Gana kilomita 50 ne a awa. Idan mota mai wannan gudun ta daki wani abu ta tsaya cak, duk abin da ke cikinta wanda ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da gudun nan har sai wani abu ya tare shi. Daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar daga hawa na uku na bene. A wannan ƙiftawar idon nauyin jiki kan ninka sau ashirin zuwa talatin. 'Yarki in kilo 6 ce, za ta fizge daga hannunki da ƙarfin kilo 120 zuwa 180, wato buhun shinkafa mai kilo 50 har uku da ɗoriya. Babu uwar da za ta riƙe wannan, babu ƙaton da zai riƙe. In kuma ta yi sa'ar riƙewa alhali ita kanta ba ta ɗaura bel ba, to tare za su tafi gaba, jaririn yana tsakanin ƙirjinta da bayan kujerar direba.

Wannan na biyun na gani da idona. Wata rana da la'asar aka kawo mana yaro ɗan wata biyar. Uwarsa tana bayan tasi tana ba shi nono, sai wata trotro, wato bas ɗin haya, ta taka burki a gabansu don ɗaukar fasinja, tasin ta buge ta. Fitila ɗaya ce kawai ta fashe a motar, direbobin ma suka sasanta a bakin titi kowa ya kama gabansa. Sai da suka isa gida yaron ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi sanyi, leɓensa ya yi fari fat. Da aka duba, haƙarƙari biyu sun tsage, hanta tana zubar da jini a ciki. Allah ya yi da sauran kwanansa, bayan tiyata da makonni a gado. Abin da ban manta ba shi ne uwar a zaune a kan benci, mayafi ya zame ba ta ma sani ba, tana ta maimaita mana magana ɗaya: "Wallahi ban sake shi ba, na riƙe shi gam." Gaskiya ta faɗa, ba ta sake shi ba. Nauyin jikinta ne ya matse shi.

Goyo kuwa, wajen tafiya a ƙafa babu kamarsa, ni ma da shi na raini nawa uku. Amma a cikin mota jaririya tana tsakanin bayanki da kujera. In aka daki motar ta baya, wanda shi ne ya fi yawa a cunkoso, duk nauyinki a kanta zai sauka. In ta gaba ne, kanta zai bugi bayanki, zani da majanyi su kwance, sannan ki dawo baya ki danne ta. Ga shi mai goyo ba ta iya ɗaura bel yadda ya kamata. Don haka ko da ranar babu kujera, a kwance goyo kafin a shiga mota.

Dalilin da ya sa kujerar jarirai take kallon baya yana cikin halittar jaririn. Kansa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin jikinsa, ga nauyi, ƙashin wuya kuma bai gama ƙwari ba. In yana kallon gaba aka yi karo, jiki zai tsaya a ɗaure, kai ya yi gaba shi kaɗai ya ja lakar wuya. In yana kallon baya, ƙoƙon kujerar ne zai tallafe kai da wuya da baya gaba ɗaya, kamar yadda kike tallafe ta da tafin hannu wajen wanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kujera tana iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin ɗari. A Gana kuma sama da mutum 2,000 ne ke rasuwa a kan hanya kowace shekara, bisa ƙididdigar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, NRSA.

Kafin ki taso, ki juya kujerar ki duba ƙasanta ko gefenta. In ta Turai ce za ki ga wata 'yar takarda ruwan lemo an rubuta ECE R44/04 ko R129. In ta Amurka ce za ki ga FMVSS 213. Ki duba ranar da aka ƙera ta ma, domin robar tana tsufa, yawancinsu shekara 6 zuwa 10 ake ba su. In ba sabuwa aka ba ki ba, ki tambayi mai kyautar ko an taɓa yin haɗari da ita, don tsagewar ciki ba a ganinta da ido. Wannan ne ma ya sa ba na son ki ce sai kin zo ki saya a nan: sabuwa tana da tsada, ta gwanjo kuma ba wanda ya san tarihinta. Yawancin kamfanonin jirgi suna karɓar kujerar jariri ba tare da sun lissafa ta cikin nauyin kaya ba, amma ki kira naki ki tabbatar, sannan ki sa ta a kwali ko ki naɗe ta da bargo, saboda masu lodin kaya ba sa lallaɓawa.

Abu mafi amfani da za ki yi a Kano shi ne ki koyi ɗaura ta da bel kaɗai. Wasu kujerun suna zuwa da gindi da ake maƙalawa a ƙarfen ISOFIX na mota. Ki bar gindin a gida, nauyi ne, kuma tasi da yawa a nan ba su da wannan ƙarfen. Ki ari motar wani, ki ɗaura ki kwance, ki ɗaura ki kwance, har sai kin iya cikin minti biyu ba tare da duba takarda ba. Domin a bakin titin Nima, da direba yana leƙenki ta madubi, masu acaɓa suna matsa oda a bayanki, jaririya tana kuka, ba lokacin koyo ba ne.

Ga yadda ake yi. Ki ajiye kujerar a bayan mota, fuskar jaririya tana kallon gilashin baya. Ɓangaren bel da ke ratsa cinya ki bi da shi ta cikin maƙalai biyu da ke saman ƙafafunta, galibi shuɗaye ne, a sababbin kujeru kuma koraye, ki cusa kan bel ɗin a makullinsa sai kin ji ya ce ƙas. Ɓangaren kafaɗa kuma, a kujerun Turai, ki zagaya da shi ta bayan ƙoƙon kujerar ki sa a maƙalinsa. Sai ki danna kujerar da hannu ɗaya, ki ja bel da ɗayan har ya ɗame. Ki kama ta daidai inda bel ya ratsa ki girgiza: in ta motsa fiye da faɗin yatsu biyu, ba ta ɗauru ba. Akwai layi a gefenta da ya kamata ya yi daidai da shimfiɗar ƙasa. Kada ki raina layin nan. In kujerar ta miƙe da yawa, haɓar jaririya za ta faɗo kan ƙirji ta toshe mata numfashi, kuma ba za ta yi kuka ta sanar da ke ba. In ta Amurka ce kujerarki, bel ɗin yana bukatar a kulle shi: ki jawo shi duka har ƙarshe, ki sake shi a hankali, in kin ji yana ƙara kir-kir-kir yana komawa to ya kullu. Motocin da aka shigo da su daga Amurka suna yin haka, na Koriya da Japan da Turai da yawa ba sa yi, shi ya sa ake haɗo wani ɗan ƙarfe na maƙale bel tare da kujerar. Ki nemo shi ki sa a jakar hannu.

Igiyoyin da ke ɗaure ita jaririyar su fito daidai kafaɗarta ko ƙasa kaɗan, kada su murɗe. Bayan kin ja, ki gwada tsunkule igiyar a kan kafaɗa da yatsu biyu, in ta tsunkulu to da saura. Kada ki sa mata tawul ko bargo a ƙarƙashin igiya, yana lotsewa a lokacin karo ya bar sarari.

Yanzu motocin. Tasin Gana ba ta ɓuya: kusurwoyinta huɗu an shafa musu fenti ruwan ɗorawa, lambarta ma ruwan ɗorawa ce, lambar motar gida kuwa fara. Babu mita, ciniki ake yi kafin a shiga. Iri biyu ce, akwai ta lodi da ke bin hanya ɗaya tana cika fasinja, uku a baya ɗaya a gaba, akwai kuma wadda za ki ɗauka shata, a nan dirofin muke cewa. Ke taki shata ce kullum. Ga kuma Uber, da ta fara aiki a Accra a 2016, da Bolt da Yango. Kada ki sa rai za su zo miki da kujerar jariri. Motocinsu ma yawanci ƙanana ne, Kia Picanto da Hyundai i10 da Toyota Vitz, kuma a cikin irinsu sai an matsar da kujerar gaba kafin ta jariri ta zauna daidai. In da hali ki zaɓi rukunin da ya ɗan fi tsada a manhajar, motar ta fi faɗi, an fi kuma kunna na'urar sanyi.

Amma ko ta manhaja ce ko ta bakin titi, abin da zai sa ki shiga ko ki ƙi shiga ɗaya ne: bel ɗin baya. Nan ne matsalar Accra take. Motoci da yawa bel ɗin yana nan a rataye, amma makullin ya nutse ƙarƙashin kujera, ko an lulluɓe shi da rigar kujera da aka ɗinka ba a bar masa ƙofa ba. Ki sa hannu cikin tsagar da ke tsakanin wurin zama da majingina ki lalubo shi, sau da yawa yana nan tare da ɓawon gyaɗa da tsofaffin kwabbai. In kin samo, ki cusa ki ji ya kama. Sai ki fizgi bel ɗin da ƙarfi sau ɗaya: mai lafiya zai cije nan take. Wanda ya biyo hannunki salalau, ko wanda ya ƙi komawa ya yi laƙwas, ya mutu. Ana shigo da motoci da yawa da suka yi haɗari a ƙasashen waje a gyara su a nan, a gyara jiki a yi fenti, bel ɗin kuma a bar shi yadda karo ya bar shi. Wannan binciken rabin minti ne. Ki yi shi kafin a sa kaya a but, domin da zarar akwati ya shiga, kunya za ta hana ki cewa a fito da shi.

Kunyar nan ita nake ji miki fiye da komai. Na san tarbiyyarmu, baƙuwa ce ke, kuma a gidan surukai. Amma direban Accra ba ya jin haushi don an ce masa ba za a shiga ba, in dai an faɗa da ladabi. Ki ce masa bel ɗin ba ya aiki, kina da jaririya, ki yi masa godiya, ki soke ki kira wata. Ko an cire miki kuɗin sokewa, 'yan sidi ne, kuɗin Gana. Tambayarki ko za su yarda a ɗaura kujera, yawancinsu za su yarda, wasu ma su fito su taya ki. Abin da ba sa so shi ne ɓata lokaci a inda ba a tsayawa. Don haka da zarar direba ya karɓi kiranki, ki aika masa saƙo cewa kina da kujerar jariri, kina bukatar bel na baya mai aiki da minti biyu, kuma ki tsaya a inda zai iya fakawa. A kewayen Nima da Maamobi da Sabon Zango direbobi da yawa suna jin Hausa. Wanda ba ya ji, Turanci ya wadatar, in kuma kin fara da "me pa wo kyɛw", wato don Allah da Tonanci, yaren Asante, za ki ga fuskarsa ta saki. In yana gudu ko yana danna waya, ki yi magana tun da wuri, ki ce jaririya tana barci ya bi a hankali. In wani ya ce ki kashe manhajar ku yi ciniki a baki, ki ƙi, domin manhajar ce ke riƙe da lambar motar da hanyar da kuka bi, ita ce kuma za ki tura wa maigida ya riƙa ganin inda kuke.

Shawarar da na fi ba wa masu zuwa biki ita ce, a kwana biyun farko in kin dace da direba mai natsuwa da mota mai bel, ki karɓi lambarsa, ku yi yarjejeniya ya zama naku har ku tafi. A zango kowane gida yana da direban da ya sani. Ki sa maigida ya tambaya tun yanzu, a je a duba bel ɗin motar kafin ku sauka, shi ne ma zai ɗauko ku daga filin jirgin Accra. Daga can zuwa Nima tafiya ce gajera in babu cunkoso, ta wajen asibitin sojoji na 37 zuwa Kawukudi. Kada gajartar ta sa a ce a rungume ta kawai yau ɗaya, an gaji. A irin wannan gajeriyar tafiyar aka kawo mana yaron da na ba ki labari.

Gana dama ake bi kamar Najeriya, tun 1974, saboda haka ki sa kujerar a bayan fasinjan gaba, ɓangaren dama, don ki riƙa sa ta da fito da ita ta gefen da babu motoci. Sai dai ki duba ƙasa kafin ki taka, titunanmu da yawa kwata ce buɗe a gefensu, mai zurfi, ki kuma waiga kafin ki buɗe ƙofa saboda masu acaɓa da ke kutsawa ta kowane saƙo. Kujerar gaba kuwa babu ita a lissafi. Dokar hanya ta Gana, Act 683 ta 2004, ta hana zaunar da yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa a gaba, kuma ko babu doka, jakar iska da ke fashewa a gaban fasinja tana fitowa da ƙarfin da zai fasa bayan kujerar jariri daidai inda kansa yake.

Trotro, bas ɗin haya da kowa ke shiga, ki bar ta a wannan zuwan: babu bel, ga matsi, yaron mota yana rataye a ƙofa, ana taka burki duk inda aka ga fasinja. Acaɓa da pragya, wato a-daidaita-sahun nan, ba sai na faɗa ba, amma zan faɗa saboda Kumasi, inda za ki tarar pragya ta cika Aboabo da Asawase kuma kowa zai ce miki nan da can ne. Ba ta da ƙofa, ba ta da bel, kifewa kuma ba ta yi mata wuya.

To in rana ta ɓaci fa, dare ya yi, ko ruwa ya sauko, motar da ta samu ba ta da bel mai aiki, ko kin fito ba kujera? Ba zan ce miki akwai hanya mai aminci ba, akwai dai wadda ta fi sauƙin sharri. Ki zauna a baya. In akwai bel ki ɗaura wa kanki ke kaɗai, jaririya a gabanki a wajen bel ɗin. Kada ki taɓa zagaya bel ɗaya ya haɗa ku biyu, wannan ya fi komai muni, domin nauyinki zai matse ta a jikin bel. In kina da jakar goyo ta gaba, bel ya bi ta tsakaninki da jakar, ya kwanta a jikinki. Jakar ba za ta riƙe ta a babban karo ba, tana dai hana ta suɓucewa in an taka burki. Sai ki ce wa direba ya bi ta cikin unguwa a hankali, ya kauce wa manyan hanyoyi, N1 ta Lapaz da babbar hanyar Tema mai kilomita 19 inda ake gudun 100. In kuma zamanku ya faɗo a watan Mayu ko Yuni, ruwa mai ƙarfi in ya fara, ki zauna inda kike har ya ɗauke. Circle da Kaneshie da duk bakin rafin Odaw suna cika cikin ɗan lokaci, mutanen garin nan ba su manta da ambaliyar daren 3 ga Yuni 2015 ba.

Zafin Accra ba irin na Kano ba ne, gumi ne mai naso, ga cunkoson da kan riƙe mota awa guda a wuri ɗaya. Ki sa mata riga ɗaya ta auduga. Kada ki lulluɓe kujerar da mayafi don kare ta daga rana ko idon mutane, ciki zai zama tanda. Ki taɓa ƙarfen maɓallin kafin ki ɗaura mata in kujerar ta sha rana. Jikin yaro yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba, don haka ba a barinta a mota a fake ko na minti ɗaya, ko da direba yana ciki. 'Yar wata huɗu ba a ba ta ruwa, nono ya ishe ta, ki shayar da ita kafin ku fita. In ta fara kuka a hanya, zuciyarki za ta ce ki ciro ta ki sa a nono. Ki sa direba ya shiga gidan mai ya faka, ki shayar, ki mayar, ki ɗaure. Kukan minti biyar kafin a samu wurin tsayawa ba ya cutar da ita. Fulas ɗin ruwan zafi da kulolin abinci kuma su tafi but ko ƙasan kujera, kada a jera su a bayan kai.

Yayanta ɗan shekara uku, a ƙa'ida shi ma kujerarsa yake bukata, mai kallon gaba da igiyoyi biyar. In kina da ita kuma da mai taya ki ɗauka, ki haɗo. In babu, ya zauna a baya a kan kujera shi kaɗai, bel na ƙasa ya kwanta a kan cinyoyinsa, kada ya hau ciki, na kafaɗa kuma kada a tura shi bayansa ko ƙarƙashin hammata. In ya kai kilo 15, akwai ɗan matashin ɗagawa da ake sayarwa don wannan, ba shi da nauyi. Ba a cinyar kowa ba, ba a tsaye tsakanin kujerun gaba ba. Ki kuma tura ɗan maɓallin da ke gefen ƙofa wanda ke hana buɗe ta daga ciki.

Kumasi kusan kilomita 250 ce daga nan, ta Nsawam da Suhum da Nkawkaw da Konongo, awa biyar ko fiye. Wurare da yawa hanya ɗaya ce ake gaba da gaba, cike da tireloli masu ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa arewa da Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma wajen wuce su ne ake mummunan karo. In aljihu zai ɗauka ki hau jirgi, bai kai awa ɗaya ba. In ta ƙasa ce, shatar mota da direban da kuka sani, a tashi bayan asuba, a isa da rana tsaka. Ƙananan bas masu gudun tsiya ki bar su. Kada jaririya ta wuce awa biyu a kujera ba a ciro ta ba, a tsaya a Bunso ko Nkawkaw ta miƙe ta sha nono, kuma babba ya zauna kusa da ita yana ganin fuskarta. Da kun isa, a ciro ta a shimfiɗe ta a bayanta, kujerar mota ba gadon barci ba ce.

Allah ya tsare, amma in an yi karo, ko ƙarami ne, ki kai ta asibiti a ranar. Lambar gaggawa 112 ce, motar asibiti 193, ki sa su a wayarki yau. In ba wuta ko wani haɗari a wurin, kada ki ciro ta daga kujerar, ki kwance bel ki ɗauko su tare, kujerar tana tallafe mata wuya. Daga Nima, asibitin Ridge da na sojoji na 37 su ne kusa, Korle Bu ne babba, a Kumasi kuma Komfo Anokye, wanda mutanen garin ke kira Gee. Ki riƙe kuɗi a hannu ko a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, tunda ba ki cikin inshorar lafiya ta ƙasar. Ko an sallame ku, ki sa ido kwana biyu: amai a kai a kai, ƙin nono, barcin da ba a iya tashinta, maɗiga ta kumbura, kuka mai tsini da ba ki saba ji ba, jijjiga, ciki ya kumbura, ko jiki ya yi fari. Ɗaya daga cikinsu ya isa ki koma a guje. Kujerar da aka yi karo mai ƙarfi da ita kuma ta gama aiki.

Game da Hajiya, kada ki yi musu da ita, kuma kada maganar ta fito daga bakinki. Ɗanta ne zai faɗa mata, ya ce ma'aikatan asibiti ne suka ce a yi haka. Ba ta yi ƙarya ba da ta ce da goyo suka yi raino, amma a ƙafa suka yi yawancin zirga-zirgarsu, daga Nima zuwa kasuwa zuwa gidan suna, motocin ma ba su kai haka yawa ba. In an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Na ga kakanni da dama da suka fara da tsaki, bayan kwana uku su ne ke tambaya ko an ɗaure yarinyar da kyau.

Ranar da na fi ji miki tsoro ita ce ranar kai amarya. Kin san yadda ake yi, a Kano da Nima duk ɗaya ne: motoci a jere, mata shida a bayan mota ɗaya, yara a cinya, samari a kan sitiyari suna tsere suna oda, ga dare. A nan ne wata gwaggo za ta ce miƙo ta nan in riƙe miki, a cire wannan kujerar mutum biyu su samu wuri, kuma a gaban jama'a ba za ki iya cewa a'a ba. Ki gama da wannan tun da rana. Ki sa direbanku ya zo da wuri, ki ɗaura kujerar, ki ce wa maigida motar nan mutum uku ce a baya, ke da yaranki, kuma sai ayari ya yi gaba da minti goma za ku bi su. In hakan ba zai yiwu ba, ki bar jaririyar a gida wurin wadda kika yarda da ita, da nonon da kika tatsa a kofi mai murfi, ki je ki raka amarya ki dawo.